Darasin Uwargida: Idan Wuta Ta Yanke a Ɗakin Tafi-da-Gidanka

Darasin yau ya fi shafar 'yan uwa mazauna Ingila da maƙwabtanta, inda iyalai kan saya ko su yi hayar karaban, wato ɗakin nan na tafi-da-gidanka da ake ɗaurawa a bayan mota, a tafi hutu da yara bakin teku ko cikin duwatsu. Ga mace Musulma abin akwai daɗi: girkinki a hannunki, banɗakinki naki ke da iyalinki. Sai dai wutarsa tana da nata hali.

Ni kaina ta taɓa yi mini. Wata asuba a wani sansani a yankin Wels, na tashi cikin sanyi na kunna hita, na kunna na'urar ɗumama ruwa don alwala, na kuma jona butar shayin da muka taho da ita daga gida. Ɗif! Komai ya tsaya. Da yake sabo ba ya barin mutum, sai na ce, "Abban yara, an ɗauke wuta." Ya ce, "A nan? Faɗa mini dai abin da kika kunna." Ga naman halal na mako guda a firij, ga shi babu inda za mu sami wani a kusa.

Abin da za ki fara sani shi ne, wuta iri biyu ce a cikin karaban. Akwai ta batir mai ƙarfin bolt 12, ita ke kunna fitilu da famfon ruwa. Akwai kuma babbar wuta mai bolt 230, irin ta gida, wadda ake jawowa daga turken wutar sansani da doguwar waya mai ruwan lemo, galibi mita 25, mai shuɗin filogi. Ita ke ba soket-soket da hita, ita ke cajin batir. Don haka ganin fitila a kunne ba ya nufin akwai babbar wuta. Jona abin da kika tabbata yana aiki, kamar cajar waya, shi zai gaya miki gaskiya.

Mafi yawan lokaci ba lalacewa ba ce, nauyi ne ya yi yawa. Kowane turke yana da iyakarsa. A Ingila akasari amfiya 16 ne ko 10, a Faransa kuwa za ki tarar da mai 6. Lissafin ba wuya: ki ninka amfiya da 230. Mai 16 zai ɗauki wat 3,680, mai 10 wat 2,300, mai 6 kuwa 1,380 kacal. To butar shayi ta gida kaɗai takan kai wat 3,000, hita 2,000, dutsen guga da na'urar busar da gashi su ma suna nan kusa da haka. Kin ga ashe butata ita kaɗai ta isa ta kayar da turke mai amfiya 10, balle na haɗa mata da 'yan rakiya. Duba ƙasan kowane abu, an rubuta ƙarfinsa. Shawarata, ki bar butar gida a gida, ki sayi ƙarama ta 'yan zango wadda ba ta wuce wat 1,000 ba, ko ki dafa ruwanki a gas, ba abin da zai ragu a shayin.

Yanzu ga yadda za ki bi sawu. Kashe duk manyan kaya tukuna, in ba haka ba kina tayar da wutar za ta sake faɗuwa. Sai ki nemi akwatin makunnai na cikin karaban, yawanci yana ƙarƙashin kujera ko cikin kabad ɗin kaya. Ƙananan makunnan su ne bireka, suna faɗuwa idan nauyi ya yi wa layinsu yawa. Babban, mai ɗan maɓalli da aka rubuta T a jikinsa, shi ne RCD. Shi ba ruwansa da nauyi, aikinsa tsare rai ne: da ya ji wuta tana yoyo ta hanyar da ba tata ba, ko da kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya ne, nan take zai yanke. In kin ga wani ya faɗo, tura shi ƙasa sosai, sannan ki ɗaga.

In kuwa duk suna sama, matsalar tana waje. Ɗauki tocila ki je turke, shi ma yana da nasa makunnin. A wasu sansanonin a kulle yake, sai a kira mai kula da wurin, kada maigida ya ce zai ɓalle da sukudireba. Wasu turakun sai an murɗa filogin dama ya yi ƙas kafin wuta ta zo, wasu kuma na kati ne, kuɗin ne ya ƙare. Tambayi maƙwabta ma, wani lokaci layin ne gaba ɗaya.

Daga nan sai waya. Ki cire ta daga turke kafin ki taɓa ko'ina, da busasshen hannu, da takalmi a ƙafa. Bi ta da ido daga farko har ƙarshe: ko taya ta taka, ko injin yankan ciyawa ya yanke, ko ruwa ya shiga filogi. Kuma a warware ta duka, domin wayar da aka bari a naɗe tana ɗaukar zafi har ta narke. Wajen mayarwa, a fara jona ɓangaren karaban, turke shi ne ƙarshe.

Inda nake son ki natsu shi ne idan RCD ya yi ta faɗuwa. Cire komai daga soket, kashe na'urar ɗumama ruwa, ɗaga shi, sannan ki riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Wanda kika jona ya sake faɗuwa, shi ne mai laifin, a ajiye shi. Sau da yawa buta ce ko ƙarfen ɗumama ruwa, musamman in an taɓa kunna shi babu ruwa a ciki. Amma in babu komai a jone kuma ya ƙi tsayawa, ko kin ji ƙauri, ko kin ga bakin filogi ya yi baƙi, to aikinki ya ƙare a nan. Cire waya daga turke, a kira ƙwararren mai gyaran wuta. Don Allah kada a danne makunnin da hannu ko a ɗaure shi da salatif, yara na kwance a wajen da bai fi taku biyar ba.

Kafin mai gyara ya zo, juya firij zuwa gas, yawancin firijin karaban suna da wannan zaɓi, haka na ceci namana. Amma kada ki kunna murhun girki don ɗumama ɗaki, kada kuma a toshe kafofin iska saboda sanyi. Iskar guba da gas kan fitar ba ta da wari ba ta da launi, cikin barci take kashewa, saboda haka ki tabbata na'urar gargaɗinta tana da batir mai rai.

A Ingila ana son ƙwararre ya binciki wayoyin karaban aƙalla sau ɗaya cikin shekara 3, ya ba da takarda. In za ku saya ko za ku yi haya, ki tuna wa maigida ya nemi ganinta, ke kuma ki danna maɓallin T duk sanda kuka jona wuta a sabon wuri. In bai yanke ba, kada ku yi amfani da wutar.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.