Wanda Ya Ɗauko Mutum Daga Gidansu

Ɗana, tunda Allah ya buɗa maka har ka sayi jirage kana ɗauko 'yan ci-rani su yi maka su, zauna ka ji abin da ya sami wasu masunta a Indiya lokacin korona.

A daren 24 ga Maris 2020 Firaminista Narendra Modi ya sanar da dokar kulle, ya ba jama'ar ƙasar wa'adin awa huɗu kacal. Babu jirgin ƙasa, babu motar haya. A Veraval, babbar tashar masunta ta jihar Gujarat, dokar ta rutsa da dubban ma'aikata 'yan jihar Andhra Pradesh, yawancinsu daga gundumar Srikakulam. Tsakaninsu da gida akwai sama da kilomita 2,000. Duk shekara wajen watan Agusta suke zuwa, su shafe wata takwas ko fiye, suna Telugu, masu gari suna Gujarati.

Waɗannan bayin Allah ba su da ko ɗaki a cikin gari. A jirgi suke aiki, a jirgi suke girki, a jirgi suke kwana. Da aka ce kowa ya zauna gida, nasu gidan ke nan: jirgin katako, mutum takwas ko goma a takure tsakanin raga da rumbun ƙanƙara, jirage a jere gefe da gefe cikin ruwan tasha mai ƙarnin kifi da warin man dizal. Ana ta shela a riƙa wanke hannu, su kuwa ruwan sha ma sai da tattali, ga zafin Afrilu. Kafin a waiwaye su, aƙalla biyu sun riga mu gidan gaskiya. Sai a ƙarshen Afrilu gwamnatocin jihohin biyu suka haɗa motocin bas, aka kwashi mutum kusan 4,000 zuwa gida.

Ban ce masu jiragen duk azzalumai ba ne. Kasuwar kifi ta mutu, su ma sun ji jiki, kuma da dama sun ci gaba da kai abinci. Matsalar tana cikin yadda ake ɗaukar aikin. Mai jirgi yakan ba matuƙinsa kuɗin kafin alƙalami, matuƙi ya koma ƙauye ya tattaro 'yan uwa da maƙwabta, a ƙulla magana da fatar baki. Ranar lafiya hakan yana tafiya sumul. Ranar wahala sai a rasa wanda za a riƙe, don ko sunan ma'aikacin babu a littafin kowa.

Kuma ba doka ce babu ba. Tun a 1979 Indiya ta kafa dokar kare ma'aikatan da ake ɗaukowa daga wata jiha, wadda ta ɗora wa ɗan kwangila kuɗin zuwa da na komawa. A 2007 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 188 game da aikin su, ta ce kowane jirgi ya riƙe jerin sunayen mutanensa, kowane masunci ya sami rubutacciyar yarjejeniya, ci da sha kuwa alhakin mai jirgi ne. Indiya ba ta amince da ita a hukumance ba. Amma ni a ganina, mai tsoron Allah ba ya jiran sai gwamnati ta sa hannu kafin ya shayar da wanda ya rabo da iyalinsa.

Kada ka ce abin na can nesa ne. Mu ma nan Najeriya an hana zirga-zirga tsakanin jihohi a shekarar, ba a buɗe ba sai 1 ga Yuli, kuma gobe ambaliya ko rikici na iya toshe hanya.

Saboda haka, ranar da yaro ya iso wurinka, ka ware kuɗin motarsa na komawa ka ajiye daban, kada ka zuba su cikin jari ko da kifi na tsada. Kada ka tara masa haƙƙinsa sai ƙarshen kaka da sunan kana yi masa adashi. Na san haka aka saba, amma wanda kuɗinsa ke hannunka ba zai iya ce maka zai tafi ba, ko da uwarsa ce kwance. In aiki ya tsaya ba da laifinsa ba, tukunyarsa tana wuyanka har ya taka ƙofar gidansu. Katinsa na shaida kuma ka bar masa abinsa a aljihu.

Sannan ka sayi littafi. Ka rubuta sunan kowa, garinsu, lambar wayar wani nasa, da abin da kuka yi da shi, a karanta masa a gaban shaidu biyu. Kwafi ɗaya a wurinka, ɗaya a wurinsa, ɗaya ka kai wa sarkin ruwa.