Ado ga katin barka da Salla: hatimi da launi

In Salla ta gabato, gidaje da yawa suna tuna nasu da ke ci-rani a Abijan, ko Kwatano, ko Kano, ko Libiya. Ana gaisawa ta wayar salula, amma da an kashe waya gaisuwa ta ƙare. Takarda kuwa ana aje ta cikin akwati, a sake duba ta baɗi. Wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci yana da wani dalili kuma na yin kati. Hannun da ya daina rubutu, sannu-sannu haruffa suke gudu mashi.

Da fari sai takarda. Farar takardar ofis faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kusan 30. In an raba ta biyu, aka ninka kowane rabi, an samu kati biyu, kowane 10 da rabi a faɗi, kusan 15 a tsawo. Wannan shi ne daidai da ƙaramin ambulan. Amma takardar ofis ba ta da kauri, in ta sha ruwa sai ta yamutse. Farin kwali mai santsi da ake sayarwa a shagon kayan lakkol ya fi ta. Babban fallensa 50 ne da 65. A gefen 65 ana fid da 21 sau uku, a gefen 50 ana fid da 15 sau uku. Uku sau uku, kati 9 ke nan. Guntayen da suka rage kada a yar da su, a kansu ake gwaji.

Hatimi ba sai an saya ba. Sakaina ta isa. A ƙasar Gana, a garin Ntonso kusa da Kumasi, da guntun ƙwarya ake sassaƙa hatimin da ake buga wa zanen adinkira. Sai dai ƙwarya tana da lanƙwasa. Don haka a zaɓi ƙaramin guntu, a goga fuskarsa bisa dutse har ta daidaita. Tafin tsohon silifa ya fi sauƙin yanka, kuma ba ya fashewa. A wanke shi, a zana hoto da bik, a bi layin da sabuwar reza. Wurin da aka bari tsaye shi ke ɗaukar tawada. Wurin da aka ƙwaƙule shi ke fitowa fari. A karkata bakin reza waje, nesa da zane, don gindin layin ya fi samansa faɗi. In an yanka ta ƙarƙashinsa, bugu kaɗan layin zai karye. A bayan hatimi a manna ɗan katako na riƙewa. Reza aikin babba ce, a ba yara aikin bugu.

Abin zanawa yana nan kewaye da kowa. Akwai jinjirin wata da tarmamuwa. Akwai dagi na gaban babbar riga, da kuros ɗin Agadas, da irin zanen da magina ke yi bisa ƙofofin gidaje a Birnin Damagaram. Mai farawa ya ɗauki mai layi kaɗan. Dagi yana da kyau, amma shigarsa da fitarsa suna rikita sabon hannu.

Ga inda ake yawan faɗuwa: rubutu. Hatimi kamar madubi yake, dama tana koma hagu. Wanda ya sassaƙa BARKA DA SALLA yadda ake karanta shi, a takarda zai fito a juye. Wasu manyan haruffa ba su damu ba, kamar A, da H, da M, da O, da T, da U. Ta kowane gefe kamarsu ɗaya. Amma B, da D, da K, da L, da R, da S, juyewa suke yi. Ƙananan haruffa sun fi haɗari, don b in ya juye d yake zama. Mutum ya jera haruffansa daga dama zuwa hagu, ya manta bai juya kowane ba, yana nufin dawa sai ya buga bawa. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su ma a lura da inda ƙugiyarsu ta nufa.

Dabarar mai sauƙi ce. A rubuta kalmar bisa takarda da fensir mai baƙi sosai, a maimaita a kanta sau biyu ko uku. A kifa takardar bisa robar, a murza bayanta da gindin cokali. In an ɗaga, rubutun ya hau robar a juye, yadda ake so. Kafin a sa reza, a duba shi cikin madubi. In ya karantu a madubi, zai karantu a kati.

Akwai hatiman da gona ke bayarwa, babu sassaƙa. Ɗanyar kuɓewa in an gitta ta da wuƙa, fuskarta fure ce sak. Albasar Galmi in an raba ta, aka bar ta ta sha iska kaɗan, tana buga zobe cikin zobe. Ganyen dogon yaro a shafa wa bayansa launi, don nan jijiyoyinsa suka fi tashi. Waɗannan na yini ɗaya ne, gobe sun yaushi.

Tawadar baƙi kowane almajiri ya san ta: baƙin gindin tukunya ko gawayi mai laushi, da ruwa, da ƙaro. Ƙaron dakwara shi ne mai kyau. Shi ke liƙa launi ga takarda, kuma kowane launi yana bukatarsa. Guntu kamar ƙwayar gujiya biyu ya ishi ƙaramin kofin shayi na ruwa. A jiƙa shi ya kwana, a tace da ƙyalle. In ƙaro ya yi kaɗan, launi zai bi yatsa. In ya yi yawa, kati zai yi danƙo, ya manne da ɗan'uwansa.

Ja yana fitowa daga karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi. A jiƙa ɓawonsa cikin ruwan kanwa. Rawaya daga gangamau take. Shuɗi daga shuni ko bular wanki. In an gama shuɗi da rawaya, kore ya samu. Zoɓorodo ma yana ba da launi, sai dai yana da hali. Da ɗigon lemun tsami ja ne mai haske, da ya taɓa kanwa sai ya yi duhu, ya nufi kore. Gangamau shi ma in ya gamu da kanwa ja-ja yake komawa. Saboda haka kowane launi da murfinsa, da tsinkensa. Zoɓorodo da gangamau ba su jure rana, katin da aka rataya bakin taga da wuri yake koɗewa. Galurar kasuwa ta fi su daɗewa, amma ba abin ci ba ce. A nisanta ta da yara da kwanon tuwo.

Ba a tsoma hatimi cikin ruwan tawada. Yana kwaso ta da yawa, ta cika ramuka, hoto ya zama dunƙule. A ninka tsumma mai tsabta sau huɗu cikin gwangwanin sardin, a zuba tawada kaɗan ta jiƙe shi. A dangwala hatimi a kai sau biyu ko uku. A ƙarƙashin kati a shimfiɗa tsohuwar jarida mai ninki. A aza hatimi, a danna sau ɗaya, a ɗaga shi sama tsaye. Mai jujjuya hannu yana samun hoto mai inuwa biyu. Bugun fari a yi shi bisa guntun gwaji.

Wane ke rigaye, launi ko baƙi? Launi. Tawadar malamai an yi ta ne don a wanke ta daga allo, ruwa na narka ta. In an buga baƙi, aka bi da jiƙaƙƙen launi, baƙin zai malale ya ɓata kome. Sai a fara da mai haske, rawaya, sannan ja, sannan shuɗi, kowane ya bushe kafin na biye. Baƙi shi ne na ƙarshe. Wanda ke son cika cikin hoto bayan bugu ya yi da fensir mai launi, don shi busasshe ne.

Ƙananan ado su ke raba katin gwani da na mai gaggawa. Gindin ashana yana yin ɗigo. Murfin bik yana yin ƙaramin da'ira. Alƙalamin kara, in an fiƙe shi sosai, yana jan layi siriri kamar na masu zayyanar allo. Don yi wa kati iyaka, a auna santimita 1 daga baki, a ja layi marar nauyi da fensir, a jera ɗigo a kansa. A fara da kusurwa huɗu, sannan tsakiya, sannan a cika tsakani. Wanda ya faro daga gefe guda ya miƙe, yakan iso ƙarshe wuri ya ƙare mashi. Akwai kuma yayyafi. A aza ganye bisa kati, a tsoma tsohon buroshin haƙori cikin launi, a karce shi da yatsa. In an ɗauke ganyen, siffarsa ta fito fara tsakiyar ɗige-ɗige. Launi biyu da baƙi sun ishi kati ɗaya, a kuma bar fili fari, ido ya samu wurin hutawa.

Cikin kati kuwa ba aikin hatimi ba ne. Mai aikawa ya rubuta gaisuwa da hannunsa, da sunansa, da sunan garinsu, da kwanan wata, ko da layin ya karkace. Da hunturu kati yana bushewa nan da nan. Da damina a bar shi ya kwana a inuwa. In za a tara su, a sa farar takarda tsakanin kowane biyu, a danne da littafi mai nauyi har ranar da mai tafiya zai tashi.