Kafin ka sayi zanen ɗab'i, leƙa bayan firam

Masu sha'awar tara zane sukan fara da zanen ɗab'i, saboda ya fi zanen fenti araha nesa ba kusa ba. Sai dai a nan ne kuma ake yawan yi wa sabon shiga sakiyar da ba ruwa, a sayar masa da hoton zane da sunan aikin hannu.

Ga ɗaya daga cikin hanyoyin yin na gaske. Mai zane zai shafe farantin tagulla ko na tutiya da kakin da asid ba ya ci, ya ɗauki allura ya zana abin da yake so, sannan ya tsoma farantin cikin asid. Duk inda allura ta bi, nan asid zai cinye ya bar kwari. Sai a cusa tawada cikin kwarin, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi, a matse da inji. Wannan matsi yana barin shaida, kuma ita za ka fara nema. Dubi kewayen zanen, za ka ga gurbin gefen farantin ya ɗan nutse cikin takarda. Layukan tawadar kuma sukan ɗan tasa sama. Ka tafi da gilashin ƙara girma a aljihu. In ka ga hoton ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigogi a jere reras, to fosta ce daga maɗaba'a, ko da an yi mata firam na zinariya. Masu wayo kan ƙirƙiri gurbin faranti na bogi, don haka kada shaida guda ta ishe ka.

Daga nan sai rubutun fensir da ke ƙasa. Idan ka ga 12/50, kwafi na 12 ke nan cikin 50 da aka buga. A/P kuwa na nufin kwafin da mai zanen ya keɓe wa kansa. Amma wannan al'ada ta sa hannu da lamba ba ta yaɗu ba sai ƙarshen ƙarni na 19. Rembrandt, ɗan ƙasar Holan da ya rasu a 1669, a jikin faranti yake sa sunansa. Wanda ya kawo maka nasa da lambar fensir, ka san da walakin. Bugu da ƙari, faranti da dama da ya bari sun ci gaba da yawo hannu zuwa hannu ana bugawa bayan mutuwarsa, har layukan suka dushe. Irin wannan bugun ba jabu ba ne, amma kuɗinsa bai kama ƙafar wanda aka buga yana raye ba.

A ganina, mai farawa daga Nijeriya ya bar wa Turai tsofaffinta tukuna. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya kuma yana cikin matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, ya yi suna a duniya ne da zanen ɗab'i. Akwai kuma ayyukan mutanen Oshogbo na shekarun 1960, irin su Twins Seven-Seven. Tantance waɗannan ya fi sauƙi, don waɗanda suka san hannunsu suna nan kusa. In aljihu bai kai ba, je ka baje kolin ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, ka saya kai tsaye daga hannun mai aikin.

Ko daga wa za ka saya, ka sa a kwance firam ɗin a gabanka. Firam na ɓoye yagewa, da tabon ruwa, da gefen da aka datse da almakashi, kuma kowannensu na karya farashi. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai zane, da shekara, da lambar kwafi, da inda dillalin ya samo shi. A gidan gwanjo kuma, ka tambayi la'adar da za a ɗora maka kafin ka ɗaga hannu.

Adanawa ita ce sauran aiki. Rana tana ƙona takarda, laimar damina na kawo fumfuna, gara kuwa ba ta san tsada ba. Kada takarda ta manne da gilashi, kada a liƙa mata salatif, kada a naɗe ta. Wanda ba ka rataye ba, ka kwantar da shi cikin takarda marar asid, nesa da ƙasa da bango mai jiƙa. Dillalin da ya ƙi a buɗe firam kuwa, ka bar masa kayansa.