Haɗa Kwamfuta Biyu da Waya: Iyakar Saurinta

A ofisoshin hakimai na ƙasar Gwandu, kamar na Jega da Aliero da Maiyama, yakan zama an sayo sabuwar kwamfuta alhali rajistar gonaki da takardun rabon gado suna cikin tsohuwa. Hanya mai sauƙi ta kwashe su ita ce a haɗa kwamfutocin biyu kai tsaye da wayar netwok. To, sai dai saurin da aka rubuta a jikin kwali ba shi ake samu ba, kuma ya kamata magatakarda ya san dalili tun bai nemi kuɗin sayen kaya ba.

Da farko akwai rikicin ma'auni. Masu sayar da waya da bit suke lissafi, kwamfuta kuwa da bayit take auna takardu, kuma bit 8 ke yin bayit guda. Saboda haka wayar da aka ce tana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa, iyakarta megabayit 125 ne. In an cire abin da ke tafiya wajen adireshi da tabbatar da isar saƙo, sai ya rage kamar 115.

Sa'an nan kwamfutocin biyu sukan daidaita a kan saurin wadda ta fi rauni. Kafar waya mai megabit 100 ta fito ne a 1995, mai gigabit 1 a 1999, mai gigabit 10 a 2006. In tsohuwar kwamfuta mai megabit 100 ce, ko an sayo waya mafi tsada a kasuwar Jega ba abin da zai ƙaru. Takardu masu nauyin gigabayit 100 za su ci wajen awa biyu da rabi, maimakon minti 15. Ga ofishin da ke aiki da janareta, wannan batun kuɗin mai ne, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya aikin ya tsaya ba a gama ba.

Ita wayar, siraran wayoyi 8 ne na jan ƙarfe a cikinta, an murɗe su biyu-biyu. Gigabit yana bukatar dukansu, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Don haka in ɓera ya gutsure ɗaya daga cikin huɗun da suka rage, ko ba a matse kan wayar sosai ba, sau da yawa kwamfuta ba ta yin ƙorafi, sai ta koma megabit 100 shiru. Lalle magatakarda ya duba saurin da ta nuna kafin ya fara kwafi.

Faifan ajiya ma yana da nasa haddi. Tsohon faifai mai juyawa bai cika wuce megabayit 150 a daƙiƙa ba, kuma in takardun ƙanana ne barjat, saurinsa yakan faɗi ƙwarai. Misalinsa motar albasa ce a Aliero: hanya a buɗe take, amma 'yan dako biyu ne ke lodi. Gigabit 10 ba ya amfani sai da faifan SSD a kowane ɓangare.

Tsawon wayar jan ƙarfe kuwa kada ya wuce mita 100, watau kamar yadi 109. Wadda aka rubuta wa Cat5e tana kai gigabit 1 har wannan tsawo. Cat6 tana kai gigabit 10, amma zuwa mita 55 kaɗai. Kada kuma a ja ta a sarari daga wannan gini zuwa wancan, domin tsawar damina tana iya bin ta ta ƙone kwamfutocin duka biyu. Tsakanin gine-gine, balle tsakanin Jega da Maiyama, sai wayar zaren gilashi da ake kira faiba, wadda haske ke bi a cikinta.

In an gama kwafi, a buɗe waɗansu takardun a sabuwar kwamfuta a gwada su da na tsohuwa, kada kuwa a goge komai sai hakimi ya gani ya yarda.