Gona da garke: yadda ƙiyayya ke tsira, da yadda ake kashe ta

Dogon Kiriya tana arewa da Dogon Dutsi, cikin ƙasar Arewa, a jihar Doso. Yawancin mutanenta manoma ne. Suna shuka hatsi da dawa da wake. Akwai kuma makiyaya, Fulani da Buzaye, masu shanu da tumaki da awaki da raƙuma.

Tun kaka da kakanni manomi da makiyayi suna zaune tare. In damina ta faɗi, garkuna su yi arewa wajen ciyawa. In kaka ta yi, su juyo kudu. Bayan an kwashe amfanin gona, dabbobi su shiga su ci kara, su bar taki. Matar makiyayi ta kawo nono, ta koma da hatsi. Kowa ya samu.

Amma Hausawa sun ce: zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutane sun ƙaru, gonaki sun yawaita, daji ya ragu. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi masu yawa. Wani manomi yakan nome burtali. Wani makiyayi yakan saki shanu cikin gona tun ba a yi girbi ba. Daga nan sai faɗa ya tashi.

Saɓani daban, ƙiyayya daban. A saɓani, manomi yakan ce: «Wane ya yi mini ɓarna, sai ya biya.» Wannan magana tana da magani. A ƙiyayya kuwa sai ya ce: «Dukansu haka suke.» Ya ɗauki laifin mutum guda ya ɗora wa ƙabila gaba ɗaya, har da tsohuwa da jariri.

Ƙasar Nijar ta ga ƙarshen irin wannan magana. A watan Oktoba na 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ɓarke a Toda, cikin jihar Maraɗi. An kashe mutum fiye da 100. Yawancinsu mata ne da yara na makiyaya, waɗanda ba su kora ko saniya guda cikin gona ba. A ƙasar Ruwanda ma, a 1994, an yi ta zagin wata ƙabila a rediyo. Cikin kwana kamar 100 aka kashe mutane dubu ɗaruruwa. Kullum baki ne ke fara ɓarna, kafin hannu ya ɗauki adda.

Duk da haka ba a yanke ƙauna ba. Ga abubuwa uku da ke tare wutar tun tana ƙarama.

Na farko, doka. Ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa dokar tsarin karkara. Ta tanadi kwamitocin kula da ƙasa. Aikinsu shi ne su shaida iyakar gona, su shata burtali, su tsare mashaya da wurin kiwo. A 2010 wata doka ta tabbatar wa makiyaya da ƴancin tafiya da dabbobinsu. Kowace shekara kuma hukuma tana sa ranar sakin gonaki, bayan manoma sun gama kai damma gida.

Na biyu, sulhu. In an yi ɓarna, mai gona ba shi da izinin dukan makiyayi ko saran dabba. Sai ya kai ƙara wurin mai gari ko sarki. A kira ɓangarorin biyu, a duba gonar, a ƙiyasta asarar, mai laifi ya biya. In ba a shirya ba, sannan a tafi gaban alƙali.

Na uku, taubasantaka. Arawa da Fulani taubasan juna ne. In Ba'are ya gamu da Bafillace a kasuwa, sai tsokana ta tashi, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. Ba mai fushi, sai dariya. Taubashi yana faɗa wa taubashinsa gaskiya mai ɗaci cikin wasa, kuma abin kunya ne ya cuce shi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin al'adun da duniya ke tattali.

Ƴan makaranta ma suna da nasu aiki. Ɗan manomi da ɗan makiyayi suna zama kan benci guda, suna shan ruwan rijiya guda. Yaron da ya ji an ce «dukansu mugaye ne» yana iya tambaya: «Wane ne daga cikinsu? Me ya yi?» Wannan ƴar tambaya tana raba mai laifi da marar laifi. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ma'anar kalmomi

Burtali: hanyar da aka keɓe wa dabbobi tsakanin gonaki.
Mashaya: wurin da dabbobi ke shan ruwa.
Sulhu: shirya waɗanda suka saɓa.
Taubashi: abokin wasa na dangi ko na ƙabila.

Tambayoyi

1. Wane amfani manomi ke samu daga makiyayi? Makiyayi fa?
2. Mene ne bambancin saɓani da ƙiyayya?
3. Me ya faru a Toda a 1991?
4. In shanu sun ci gona, ina ya kamata mai gona ya tafi?

Aikin gida

Ku tambayi iyayenku inda burtalin garinku ya bi, ku zana shi cikin littafinku. Ku kuma rubuto sunayen ƙabilun da ke wasan taubasai da taku.