Baƙon Wata Uku: Yadda Ake Auna Gidan Haya a Kudancin Kogin Kaduna

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda amanar da ke tsakaninmu, ya same ni a ofis wata ranar Talata cikin watan Fabrairu, lokacin da hunturu ke ja da baya amma ƙura ba ta gama kwanciya ba, ya shimfiɗa mini hotunan wani gida mai ɗaki uku da falo a can bayan Sabon Tasha, ya ce: "Malam, kuɗin sallamata ne zan zuba a nan. Ɗana ya ce in na sa gadaje da kujeru da firji, na riƙa ba baƙi haya wata-wata, abin da zan samu a wata huɗu ya kai hayar shekara. Ina so ka duba mini." Na ce, "Ranka ya daɗe, zan duba, amma kafin in je ina roƙon ka amsa mini tambaya guda: wane ne baƙon, kuma wa zai aiko shi?" Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce ai gari ba ya rasa baƙi. Wannan amsa, wadda na sha jin irinta daga bakin masu hankali da dukiya a tsawon shekarun da na yi ina ƙimanta gidaje da dillancinsu a wannan ƙetare, ita ce dalilin wannan rubutu.

Hayar da ake magana a kanta tana tsakanin abubuwa biyu da kowa ya sani, wato kwanan otel ko abin da matasa ke kira shotlet, wanda ake biya dare-dare, da kuma hayar shekara da muka saba da ita, inda mutum zai karɓi ɗakuna fanko ya kawo kayansa da iyalinsa. Mai zaman wata ɗaya zuwa shida yakan zo ne da akwati ɗaya da kwamfuta, ba ya da niyyar sayen katifa ko tukunyar gas, ba ya da lokacin bin mai gyaran famfo, bai san maƙwabci ba balle ya roƙe shi bokitin ruwa. Saboda haka duk wahalar da mai hayar shekara yake ɗauke wa maigida ba tare da an lura ba, daga sayen man janareto har yashe kwata, tana komowa wuyan mai gidan, kuma kuɗin da ake gani kamar riba mai yawa galibinsa ladan wannan wahala ne.

Wajibi ne mai son zuba dukiyarsa a nan ya san asalin unguwannin, domin masana'antu ne suka gina kudancin Kaduna. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, kamfanin ƙera makamai na DICON ya biyo baya a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, sa'an nan matatar mai a 1980. Kuma a inuwar waɗannan ne Makera da Nasarawa da Television da Narayi da Sabon Tasha suka cika da gidajen ciki da falo na ma'aikata, Barnawa kuwa ta sami gidajen manyan ma'aikata. Tun farkon shekarun 2000 masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, matatar ma ta daɗe ba ta aiki yadda aka gina ta ta yi, don haka wanda yake lissafi da baƙin zamanin da, yana lissafi ne da kasuwar da ta riga ta watse. Baƙin da nake gani yau su ne injiniyoyin 'yan kwangilar hanya da gine-gine, da ma'aikatan banki da aka yi wa canjin wurin aiki suna neman inda za su sauka kafin su sami gida, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da malamai da masu bincike da ke da hulɗa da reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha na Barnawa, da masu harka da tashar sauke kaya ta kan tudu da aka ƙaddamar a Kakuri a 2018, da iyalan da suka kawo mara lafiya asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ko asibitin St. Gerard na Kakuri, da kuma 'yan asalin jihar mazauna Ingila da Amurka masu zuwa hutun ƙarshen shekara. Kowannensu yana da wurin da yake zuwa kullum da safe, kuma gidan da ya yi nisa da wannan wuri, komai kyan tayil ɗinsa, ba ya cikin lissafinsa. Filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa duk suna wancan ƙetaren, kuma wannan kaɗai ya isa ya mayar da wasu baƙin zuwa Unguwar Rimi ko Malali.

Akwai wani al'amari da abokan sana'ata ba sa son furtawa, ni kuwa ina ganin ɓoye shi cin amanar mai saye ne. Tun rikicin shekarar 2000 da na 2002, Allah ya kiyaye mu da maimaicinsu, mazaunan garin nan sun rarrabu gwargwadon addini, har ya zama baƙo, Musulmi ko Kirista, kafin ya tambayi kuɗin haya yakan tambayi su wane ne maƙwabta, da nisan masallaci ko coci. Barnawa ta fi sauran zama a cakuɗe, shi ya sa gidan da ke cikinta yake karɓar baƙi iri biyu, alhali gida a wasu unguwannin rabin kasuwa kawai yake da shi. Ina faɗin wannan da baƙin ciki, domin na san garin lokacin da ba a wannan tambaya, amma mai ƙimanta gida ba ya da ikon rubuta abin da yake fata a madadin abin da ya gani.

Ƙa'idata ita ce ba na ba da hukunci a kan gida sai na gan shi a lokuta dabam-dabam, kuma mafi muhimmancinsu shi ne tsakiyar damina, cikin Agusta ko Satumba, domin gidan da aka nuna maka da rani bai faɗa maka komai ba. Idan lokaci bai ba da dama ba, sai in nemi shaidar damina a jikin ginin. A gidan dattijon nan, da na zagaya bayan katanga, inda mai sayarwa bai yi tsammanin za a leƙa ba, na iske wani layi mai ruwan ƙasa ya bi bulo daidai gwiwata daga wannan kusurwa zuwa waccan, a ciki kuwa an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa tsayin kamu biyu kacal, sama kuma tsohon fenti ne. Na ɗaga murfin sokawe na tarar da ruwa kusa da baki a watan da ba a ga ɗigon ruwan sama ba tun Oktoba. Na sayi lemo a wurin wata mai tebur a bakin layin, na ce, "Mama, mota tana shigowa nan da damina?" Ta ce, "Ɗana, sai dai a ajiye ta a bakin kwalta a tako, in kuma an yi ruwan dare har mashin ba ya shiga." Wanda ya ga ambaliyar Satumbar 2015, lokacin da kogin ya cika ya shiga gidajen da ke gaɓarsa ta ɓangarorin biyu, ba zai raina irin wannan shaida ba, kuma ba kogin kaɗai ake tsoro ba, har da ƙananan rafuka da magudanun da aka yi gini a kansu.

Bayan wannan sai ziyarar dare, domin a ji ko akwai 'yan sintiri da ƙofar layi da ake rufewa, a ga kuma iyakar gidaje da farkon daji, tun da a shekarun nan na satar mutane unguwannin gefen gari su ne suka fi shan wahala, kuma kamfanin da zai kama wa ma'aikacinsa gida yakan turo jami'in tsaronsa ya duba kafin a sa hannu. Sai kuma ziyarar safiya, inda nake shiga mota da ƙarfe bakwai in auna da agogo tsawon lokacin da za a ɗauka a haye gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, ko a bi ta titin Yakowa.

Wuta da ruwa su ne ran wannan haya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, janareto ya tashi daga matsayin mataimaki ya zama mai cin rabon maigida. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin farko, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, har ya kai naira 225 a kan kowane yunit. Don haka nake tambayar layin da gidan yake kai, in nemi maƙwabta su faɗa mini awa nawa suke gani a haƙiƙa, in duba ko rufin zai ɗauki farantan sola, in kunna famfon burtsatse in tsaya har tanki ya cika, domin rijiyar da ke ba da ruwa a Nuwamba tana iya yin shiru a Afrilu.

Amma inda galibin mutane ke faɗawa shi ne lissafin watannin da gida yake zama ba kowa. Bari in kawo misali da adadin da na ƙaddara don bayani kawai. A ce gida fanko ana hayarsa naira miliyan 2 a shekara, da kaya kuwa naira 500,000 a wata. Mai gaggawa zai ninka sau 12 ya ga miliyan 6 ya yi murna. To, a ce baƙi sun zauna wata 7, an sami miliyan 3 da rabi. A cire la'adar dillali kashi ɗaya cikin goma, 350,000. A cire mai da intanet da shara da maigadi na watannin zama, 840,000. A cire albashin maigadi na wata 5 da ba kowa, 250,000, domin gida mai talabijin da na'urar sanyaya ɗaki ba a barinsa ba mai tsaro. A cire kuma miliyan 1 na tsufan kaya, in an sa kayan miliyan 5 da za a sake su bayan shekara 5. Abin da ya rage bai fi miliyan 1 da 60,000 ba, wato kusan rabin abin da mai hayar shekara zai kawo a dunƙule ba tare da an tashe ka da tsakar dare ba. Sai gidan ya cika wata 10 kafin ya wuce hayar shekara da ɗan kaɗan.

Wannan darasi da hasarar wani na koye shi, kuma har yau yana damuna. Shekarun baya na ba wata hajiya shawara ta ƙawata gidanta bisa maganar baki da wani kamfanin gine-gine ya yi mini cewa zai zuba injiniyoyinsa a ciki har shekara biyu. Suka zauna wata huɗu, aikin ya tsaya, suka kwashe akwatunansu, gidan ya yi watanni yana cin kuɗin maigadi. Kuskurena shi ne na dogara ga mai aiko baƙi guda ɗaya, ban kuma nemi rubutacciyar yarjejeniya ba. Haka kuma na ga yadda baƙin Abuja suka ɗauke ƙafa bayan harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, har aka dawo da zirga-zirga a Disambar shekarar. Tun daga nan, in ban iya ƙirga masu aiko baƙi uku da ba su da alaƙa da juna a kusa da gida ba, ba na cewa ya dace.

Batun takardu ba ya bukatar dogon bayani: dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasa a hannun gwamna, don haka a kai takardar mallaka hukumar KADGIS a tabbatar da ita, a nemi izinin gini na KASUPDA, a kuma guji ginin da ke ƙarƙashin babbar wayar lantarki ko kan hanyar bututun mai, waɗanda suke da yawa a wajen matatar. Abin da ya fi cancantar tsayawa shi ne sharaɗin hayar kanta. Malaman Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil a zaurukanmu, sun sharɗanta cewa ajalin haya da ladanta da amfanin da aka saya su zama sanannu, domin a kauce wa garari, kuma sun ɗauki mai haya a matsayin amintacce a kan abin da ke hannunsa, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare haddi. A fahimtata, wannan ya isa hujja a kan masu cewa "komai na ciki" ba tare da iyakance wuta da mai ba, da kuma masu riƙe kuɗin ajiyar baƙo saboda katifa ta tsufa da kanta. Maganinsa mita mai kati, da takardar ƙidayar kaya tun daga firji har cokula, wadda za a karanta tare a sa hannu ranar shiga da ranar fita.

Da na kai wa dattijon rahotona, na nuna masa hoton layin ruwan da ke bayan katanga da lissafin watanni bakwai, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "To, Malam, mene ne abin yi?" Na ce wancan gidan, in an gyara magudanarsa aka rage farashinsa, zai yi wa mai hayar shekara da ya san unguwar, amma baƙon wata uku ba zai sake komawa cikinsa ba bayan damina ɗaya. Daga baya muka sami wani filat mai ɗaki biyu a Barnawa, ƙarami a kan wancan kuma ya fi shi tsada, a bakin kwalta, cikin layi mai ƙofa, tafiyar minti kaɗan zuwa asibiti da kwalejin. Na roƙe shi kada ya cika shi da kaya gaba ɗaya, ya sa gado da teburin aiki da firji da tukunyar gas da inbata tukuna, ya ajiye kuɗin wata huɗu a gefe, mu riƙa rubuta ranar shigar kowane baƙo da ranar fitarsa da wanda ya aiko shi a littafi guda, in shekara ta zagayo mu zauna mu ƙirga.