Guguwar Dusar Ƙanƙara a Duwatsun Amurka

A ƙasashen Turai da Amurka, idan hunturu ya kusa fita wajen watan Maris, sanyi yakan fara ja da baya, itatuwa su fara toho, manoma su shiga shirin gona. To, a wannan lokaci ne wata irin guguwa takan shammaci mutane, musamman mazauna kan duwatsu. Ita nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayani.

Malaminmu na labarin ƙasa ya koya mana cewa gwargwadon hawanka dutse, gwargwadon ƙaruwar sanyi, shi ya sa Jos ta fi Kano sanyi. Saboda haka abin da ya sauka ruwa a kwari, a kan dutse dusar ƙanƙara yake sauka. Amma dusar kaɗai ba ta cika kisa ba, iska ce mugun. Ita ke kwasar dusar ta watsa har mutum ya kasa ganin gabansa, kamar hazon hunturunmu in ya yi tsanani, ta kuma tara ta a ƙofar gida da kan hanya.

Haka ya faru daga 12 zuwa 14 ga Maris, 1993. Guguwar ta taso daga tekun Meziko, inda iska mai ɗumi da laima ta haɗu da mai sanyi daga arewa, ta bi jerin duwatsun Afalashiya na gabashin Amurka. A dutsen Mitchell na jihar Karolaina ta Arewa dusa ta kai inci 50, inda iska ta tara ta kuwa har ƙafa 14, wato ta fi tsawon ɗakin kwananmu daga ƙasa zuwa rufi. A dutsen Washington gudun iska ya kai mil 144 a awa. Itatuwa suka faɗa wa wayoyin lantarki, hanyoyi suka toshe, ƙauyuka suka yi kwanaki ba wuta ba mota. Mutum fiye da 300 suka rasu a tudu da teku.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin ɗalibai da malamai fiye da ɗari na wata makarantar sakandare ta jihar Mishigan, sa'o'inmu. Sun shiga dajin duwatsun Smoky yawon koyon juriya, guguwa ta rutsa da su. Masana yanayi sun yi gargaɗi kwanaki kafin ta zo, amma wanda ke tsakiyar daji ina zai ji? Sai da aka yi kwanaki ana nemansu da jirage masu saukar ungulu kafin a kwaso na ƙarshe. Cikin ikon Allah duk sun tsira da ransu, ko da yake sanyi ya yi wa waɗansu lahani a yatsu.